Takardar Sallama a Bakin Ritaya: Jawabi Ga 'Yan Uwa Mazauna Jimeta da Yola

 

 Waɗanda suka taso daga cikin Yola da wannan zafin rana, da na Luggere da Rumde da Limawa da Nassarawo da Jambutu, sannunku da ƙoƙari.

Sakatare ya same ni har gida, ya ce kwamiti yana so in yi magana a kan halin da ma'aikacinmu yake shiga idan ya kusa ajiye aiki, ga shugabanni marasa kan gado a kansa, ga raɗe-raɗin za a rage ma'aikata. Na ce masa ni fa ba lauya ba ne, mai kula da sito ne. Ya ce, "Baba, ai shi ya sa muka zo wurinka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." To, na karɓa. Inda na yi daidai a ɗauka, inda na kuskure manyan da suka fi ni sani su gyara.

Da farko, me ya sa wannan magana ta fi damunmu, mu Hausawan da ke zaune a nan? Abokin aikinka ɗan Song ne, ko Ganye, ko Fufore. Ranar da aka sallame shi, ya kwashe iyali ya koma gida, akwai gonar gado, akwai rumbu, akwai dangi. Mu fa? Da yawanmu a nan aka yanke mana cibiya. Kakanninmu sun zo daga Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja tun zamanin da jiragen ruwa suke hawo Binuwai da damina suna lodin gyaɗa da ƙiraga a bakin kogin Jimeta. Gonar da suka baro a can an raba ta sau uku, ko ka je ba wanda zai gane ka sai ka yi dogon bayani. Saboda haka gonar ma'aikacinmu ita ce fanshonsa da giratutinsa, shingen wannan gona kuwa takarda ce. Duk abin da zan faɗa yau a kan wannan shinge yake.

Sallamar ma'aikata ba baƙuwa ba ce a garin nan. A 1975, muna ƙarƙashin Jihar Arewa Maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri, gwamnatin Janar Murtala ta kori ma'aikata fiye da 10,000 a ƙasa baki ɗaya. Mutum yana shan kokonsa zai ji sunansa a rediyo, an ce ya bar aiki nan take. A 1984 aka sake yin wata raguwar, kuma a shekarar ce rikicin Maitatsine ya ci kasuwar Jimeta, watau ma'aikaci da ɗan kasuwa duk suka kwana a rana. A 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta zube. Ran 27 ga Agusta 1991 aka raba Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba, aka ce kowa ya bi jiharsa. Fayil-fayil suka hau mota zuwa Jalingo, wasu ba su isa ba, ba su kuma dawo ba.

Amma wadda ta fi taɓa sa'o'ina ita ce ta shekarun 2000, lokacin sayar da kamfanonin gwamnati. Kamfanin sukari na Savannah da ke Numan ya koma hannun Dangote. A 2004 Babban Banki ya ce kowane banki sai ya tara jarin Naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, Bank of the North da muke taƙama da shi ya narke cikin Unity Bank a 2006. NITEL kuwa, wanda a da sai ka yi kamun ƙafa kafin a ja maka layin tarho, a 2003 aka ba wani kamfani mai suna Pentascope ya tafiyar da shi, a 2006 aka sayar wa Transcorp, a 2009 gwamnati ta soke cinikin, daga ƙarshe aka rushe shi aka sayar da kayansa. Ku duba sau nawa ma'aikaci ɗaya ya sake ubangida cikin shekara shida, kowane ubangida da nasa jerin sunayen. Nigeria Airways, wanda jiragensa suke sauka nan filin jirginmu, ya daina tashi a 2003, ma'aikatansa kuwa har 2018 suna jiran cikon haƙƙinsu kafin a saki wani kaso. Shekara goma sha biyar. Mutumin da aka sallama yana da shekara 55, ku lissafa. NEPA ta zama PHCN a 2005, ran 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanin rarraba wuta na Yola, mai kula da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, ga 'yan kasuwa. A 2015 masu sayen suka mayar wa gwamnati saboda rikicin Boko Haram, daga baya aka sake sayar da shi.

Na kawo waɗannan ne don kada wani ya ce ma'aikatarsa ta fi ƙarfin rushewa. Mu ma haka muka ce.

Bari in ba ku nawa labarin. Ba zan kama sunan wurin ba, wasu da abin ya shafa suna raye, kuma mun yafi juna. Na yi shekara 28 a wurin, saura mini biyu in ajiye. Sai aka kawo mana sabon manaja. Alamun lalacewar wurin aiki, jama'a, ba a ɓoye suke ba, mu ne muke kau da kai. Albashin da ake biya ran 25 ya koma 5 ga wata mai zuwa, ya koma 15. Janareto ba mai, amma ga sabuwar mota a ƙofar ofishin manaja. An daina taron shugabannin sassa, komai sai a ɗakinsa, da mutum uku da suka iya "ranka ya daɗe". Tsofaffin hannu, waɗanda suka san inda kowace ƙusa take, aka fara kiranmu masu taurin kai.

Wata ranar Alhamis aka kawo mini bauca in sa hannu cewa kaya sun shigo sito. Ko ƙwaya ɗaya ba ta shigo ba. Na ce in sun iso zan sa. Aka ce umurni ne daga sama. Na ce to a rubuto mini umurnin. Ba a rubuto ba, amma cikin wata biyu na sami takardar tuhuma har uku: wai na makara, wai na yi wa na gaba da ni rashin kunya, wai sito ba tsabta. Ni da na yi shekara 28 ba a taɓa tuhumata ba.

Daren da na karɓi ta ukun, zuciya ta ɗebe ni, na zauna na rubuta takardar murabus. Uwargidana ta ga ina rubutu da tsakar dare, ta ce, "Malam, lafiya?" Na gaya mata. Ta ce, "Ba ni in ajiye maka, da safe ka kai." Da safe na nema, ta ce ta manta inda ta sa. Har yau ba ta tuna ba. Na fita a fusace, na biya wurin wani dattijo, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago, Allah ya jiƙansa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ai abin da suke jira ke nan. Takardun tuhuman nan ba don ka gyara aka ba ka ba, don ka yi fushi ne. Ka tafi da ƙafarka, sun huta da biyanka kuɗin sallama. Koma ka amsa kowace ɗaya a rubuce, cikin ladabi, ka riƙe kofi, ka sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata."

Haka na yi. Bayan wata huɗu jerin sunaye ya fito, ina ciki. Ba zan ce muku ban ji zafi ba, wallahi kwana uku ban ci abincin kirki ba. Amma takardata ta ce an sallame ni ne saboda rage ma'aikata, don haka aka biya ni, ko da yake sai da aka ja mini rai. Abokina da ya yi murabus wata biyu kafin nan, albashin watansa kawai ya ɗauka. Shi kuwa bawan Allahn da ya sa hannu a waccan bauca a madadina, da masu binciken kuɗi suka zo, sunansa suka gani. Manaja bai sa hannu a komai ba. Aka kore shi, yana da shekara 26 a bakin aiki.

Mutum uku, wurin aiki ɗaya, shekara ɗaya, duk mun bar aiki. Abin da ya bambanta mu shi ne sunan da aka rubuta a saman takarda. Mu a Hausa duk "ya bar aiki" muke cewa, amma a ofis kora daban, sallama daban, ritaya daban, murabus daban. Kora hukunci ce a kan laifi. Kuɗin da ya riga ya shiga asusunka na sabon tsarin fansho naka ne, amma giratuti da sauran haƙƙoƙi, kora tana iya cinye su, ga ɓacin suna. Shi ya sa in an miƙo maka takarda, kada ka sa hannu a tsaye. Karanta kan maganar. In an haɗo da wata da ke cewa ka karɓi dukkan haƙƙinka, ba ka bin kowa komai, ka ce za ka je gida da ita. Mai gaskiya ba zai hana ka kwana ɗaya ba.

Doka ba ta bar mu haka kawai ba, mu ne ba mu karanta ta. Dokar Ƙwadago ta 1974, sashe na 20, ta ce mai son rage ma'aikata sai ya sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalilinsa da yawan waɗanda abin zai shafa. Ta ce a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, kuma a yi iyakar ƙoƙari a sasanta kan kuɗin sallama. Kun ji? Bisa doka tsohon hannu shi ne na ƙarshen fita. A aikace kuwa shi ake fara nema, don albashinsa ya fi nauyi, giratutinsa ya kusa nuna, kuma ya san abin da ya wuce. Sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara 5 ko fiye sai an ba shi notis na wata ɗaya. Sai dai wannan doka ta fi shafar leburori da akawuna da ƙananan ma'aikata. Manya, abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki da littafin sharuɗɗan aiki shi ke magana. Wa ke da nasa littafin a gida? Ku ɗaga hannu. To, kun gani.

Sai dokar fansho. A 2004 aka kawo tsarin da ma'aikaci da mai ba shi aiki suke zuba kuɗi a asusu, aka gyara shi a 2014: kashi 8 cikin 100 daga wurinka, kashi 10 daga wurinsa. Dole ya zuba cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Nan ne aka fi cutar mutane. Takardar albashi tana nuna an cire, asusu kuwa wayam. Ni sai bayan an sallame ni na gano wata goma sha ɗaya ba a zuba mini ba. Kada ku jira kamar ni. Kowane wata uku ka nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka, in ka ga giɓi ka rubuta, in ba a gyara ba ka kai wa hukumar PenCom. Wanda aka sallama bai kai shekara 50 ba, ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba, yana iya cirar kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Ba kowace jiha ce ke bin tsari ɗaya da tarayya ba, saboda haka kowa ya tambaya wane tsari yake ciki. Haka kuma kashi 2 da rabi da ake cire wa mutane tun 1992 na asusun gina gidaje, in ba ka ci bashin gida ba, kuɗinka ne, ana mayarwa bayan ritaya. Mutane da yawa sun tafi kabari ba su nema ba.

In an danne maka haƙƙi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a nan Yola. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, ita ba a biyan ko sisi. Amma kada ka zauna kana "za a duba" har shekaru su wuce, wasu ƙararrakin suna da wa'adi.

Yanzu ga wadda ta shafe mu kai tsaye. 'Yan uwa da ke aikin jiha ko ƙaramar hukuma, ku koma gida yau ku duba takardarku ta farko. Ɗaukar dindindin aka yi muku mai fansho, ko kwantiragi? An sha ɗaukar wanda ake wa kallon baƙo a kan kwantiragi, ana sabuntawa, shi kuma yana murna yana aiki, sai ya tsufa a ce ai ba shi da fansho. Kada ku ce ba za a yi ba. A 2011 Jihar Abia ta sallami ma'aikatanta da ba 'yan asalin jihar ba, yawancinsu kuwa 'yan ƙabilarsu ne daga jihohin maƙwabta. In an yi wa ɗan uwa haka, ina ga mu? Alhamdu lillahi muna zaman lafiya da mutanen Adamawa, mun yi auratayya, 'ya'yanmu suna jin Fillanci, Allah ya ja zamanin Lamiɗo. Amma ranar da aljihun gwamnati ya tsuke, takarda ake dubawa.

Ka haɗa naka fayil a gida. Takardar ɗauka ta farko, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, ta canjin wurin aiki, shaidar haihuwa, takardun albashi na baya-bayan nan. Kada ka dogara da fayil ɗin ofis, gara tana ci, ɓera yana ci, wani lokacin ma mutum ne ɓeran. Naka na gida ma ka yi masa kofi biyu, ɗaya ka kai gidan ɗan uwa da ke tudu. Ambaliyar 2012 da ta 2022 ta koya wa mutanen bakin kogi wannan karatu. Ka sa yaronka ya ɗauki hotonsu a waya. Sannan ka duba suna: a takardar makaranta Mamman, a ta aiki Muhammadu, a banki Mohammed, a katin ɗan ƙasa an ƙara sunan gari. Ranar tantancewa kwamfuta za ta ce mutum huɗu ne. Gyara wannan kana bakin aiki, da katin shaida a wuyanka, ya fi sauƙi sau goma a kan ka zo kana dogara sanda. Ka duba wa ka rubuta a matsayin magaji, wataƙila mahaifinka ne da ya rasu shekara ashirin.

Ma'aikacin gwamnati ya san ƙa'ida: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga. Masu rage shekaru, ina roƙonku, ku bari. Ƙanenka ya yi ritaya bara kai kana nan, wa kake ruɗi? Ranar da aka gano, ritayar mutunci ta koma wani abu dabam, har a ce ka mayar da albashi.

A kan kuɗin sallama ba zan tsawaita ba, don kowa ya san labarin. Kuɗi ne da ba ka taɓa riƙe irinsu ba, kuma ba za ka sake ba. Ranar da suka shigo, 'yan uwan da ka manta da su za su tuna da kai. MMM ta cinye na wasu a 2016, CBEX ta cinye na wasu a 2025, ƙarin aure ya cinye na wasu, motar haya da aka ba direba ta cinye na saura. Sana'ar da ba ka koya ba kana da albashi, da wuya ka koye ta da giratuti. In noman rani kake so a Gerio, fara da ɗan fili tun yanzu, ka yi asararka ta farko albashi yana rufa maka asiri. In kiwo ne, je Ngurore ka sayi biyu, ka ga yadda dusa take cin kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya ga yadda fansho ya koma kuɗin cefanen mako.

Akwai wani abu da nake jin nauyin faɗa, amma zan faɗa. Na san mutumin da aka sallama, ya yi wata uku kullum yana sa riga da hula da safe, ya fita, ya zauna a gindin bishiya har azahar, don kada iyali su sani. Ya ci bashi yana kawo cefane kamar da. Hawan jini ne ya tona asirin. 'Yan uwa maza, ku gaya wa matanku tun ranar da kuka ga alama. Su ne za su san inda za a rage, kuma da yawansu suna da adashi da 'yar sana'ar da mu muke rainawa. Iyayenmu mata, ku kuma in ya faɗa muku, kada ranar ta zama ranar gori.

A cikinmu nan akwai daraktoci da manajoji, ina ganinsu a kujerun gaba. Wata rana za a ce ku kawo sunaye. Ba na ce ku ƙi ba, wani lokacin wurin ba zai ɗauki kowa ba. Amma ku gaya wa mutum da wuri, ku kira shi ku faɗa masa da bakinku, kada ya gani a allo ko mai gadi ya tare shi a ƙofa. Wanda ya rage masa 'yan watanni ya cika shekarun da zai sami haƙƙi, ku duba masa. Kuɗin da kuka cire na fansho amana ne. Kuma kada jerin sunaye ya zama wurin ramuwar gayya.

Shugaba, ina da roƙo ɗaya ga kwamiti. Muna da 'ya'ya lauyoyi, muna da waɗanda suka yi ritaya daga sashen kula da ma'aikata, muna da tsofaffin 'yan ƙungiyar ƙwadago. A zaɓi mutum uku su riƙa zama sau ɗaya a wata, bayan la'asar, duk wanda aka ba takarda ya kawo a karanta masa kafin ya sa hannu. Matan da mazansu suka rasu ba a biya su haƙƙi ba, a fara da su, don na san aƙalla gida huɗu a unguwarmu kaɗai. Ni na ɗauki nauyin kuɗin kofin takardu na wata ukun farko. Duk wanda ya rage masa shekara biyar ko ƙasa da haka, ya ba Sakatare sunansa kafin ya fita, ga shi can bakin ƙofa da littafi.